Tambaya da Amsa: Wutar da Ke Fitowa Daga Wutsiyar Jirgin Yaƙi

A wannan fitowa wasiƙu uku ne suka zo mana kan batu ɗaya, biyu daga jihar Zamfara, ɗaya daga jihar Kebbi, saboda haka muka haɗa su wuri guda. Ta farko ce ta fi buƙatar dogon bayani, kuma amsoshin sauran biyun a kanta suka dogara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Gusau. Ɗalibaina sun nuna mini bidiyon wani jirgin yaƙi yana tashi da dare, wata doguwar wuta mai shuɗi-shuɗi tana fita daga bayansa, ga wasu zobba masu haske a jere a cikin wutar. Wasu sun ce injin ne ya kama da wuta, wasu sun ce roka aka ɗaura masa. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma ta yaya zan fahimtar da su?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya saka maka da alheri kan wannan ɗawainiya. Injin bai kama da wuta ba, kuma ba roka ba ce. Roka tana ɗauke da manta da kuma oksijin ɗin da za ta ƙona shi a cikin tankunanta, shi ya sa take aiki har a sararin da babu iska, injin jet kuwa daga iskar da ke gabansa yake samun oksijin, idan babu iska babu shi. Abin da ɗalibanka suka gani wani sashe ne da ake ƙara wa injinan jiragen yaƙi masu gudu, wanda matuƙa ke kira aftabona, mu kuma za mu kira shi maƙona ta biyu, domin aikinsa shi ne ƙona ƙarin mai a cikin iskar da ta riga ta ratsa injin.

Ba a fahimtar wannan sashe sai an fahimci injin kansa, wanda Frank Whittle na Ingila ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1930, ko da yake Hans von Ohain na Jamus ya riga shi ganin nasa injin ya ɗaga jirgi, a ranar 27 ga Agusta, 1939. Tun daga wancan lokaci asalin tsarin bai canza ba. Iska tana shiga ta bakin gaba, kwamfuresa mai jerin fikafikai masu juyawa ta matse ta har matsinta ya ninka na iskar waje sau 20 zuwa 30 a injinan jiragen yaƙi na zamani, sannan ta shiga maƙona ta farko, inda ake fesa mata man jirgi, wanda dangin kananzir ne, a kunna shi. Iskar da ta yi zafi tana kumbura ta nemi mafita da ƙarfi, amma kafin ta fita dole ta bi ta cikin turbin, wata ƙafa mai ƙananan fikafikai wadda gudun iskar ke juyawa, kuma shaf ɗaya, wato sandar ƙarfe mai juyawa, ne ya haɗa turbin da kwamfuresa, saboda haka juyawar turbin ce ke tafiyar da kwamfuresar. Abin da ya rage na ƙarfin iskar shi ke fita ta nozul, wato bakin bututun da ke bayan injin, da gudu mai tsanani, kuma gwargwadon yadda injin ya tunkuɗa iska baya, haka iskar ke tunkuɗa jirgin gaba, bisa dokar Newton ta uku da ke cikin manhajar da kake koyarwa.

A nan nake so ka dakata sosai da ɗalibanka, domin nan ne tushen maganar duka. Idan aka haɗa kananzir da iska daidai gwargwadon da wuta za ta cinye oksijin ɗin baki ɗaya, wato kimanin kilo 15 na iska ga kowane kilo 1 na mai, zafin wutar yakan kai digiri 2,000 a ma'aunin Selsiyos, ko ma ya wuce. Su kuwa fikafikan turbin, duk da cewa da haɗin ƙarfen nikel mai jure wuta ake ƙera su, suna fara narkewa ne a wajen digiri 1,300 zuwa 1,400, ga shi kuma suna juyawa sau dubbai a minti ɗaya, ƙarfin juyawar na fisgar su waje ba sassauci. Injiniyoyi sun yi dabaru masu ban sha'awa, sun huda fikafikan da ƙananan ramuka domin iska mai ɗan sanyi ta bi ta ciki ta fito ta lulluɓe su, sun kuma shafe su da wani irin tangaran mai hana zafi ratsawa, amma duk da haka ba ya yiwuwa a bar cikakkiyar wutar ta doke su kai tsaye. Mafitar ita ce a shigar da iska fiye da abin da man ke buƙata nesa ba kusa ba, kaɗan daga cikinta ta ciyar da wuta, sauran kuma ta sirka zafin. Sakamakon haka, iskar da ta wuce turbin, duk da tana ɗauke da zafin digiri 600 zuwa 900, ba ta ƙone sarai ba, rabin oksijin ɗinta ko fiye yana nan daram. A injinan da ke da fanka a gaba, waɗanda ke zagayar da wani kaso na iska ta gefen inji ba tare da ta ga wuta ba, wannan ɗanyar iska ma tana zuwa ta haɗu da mai zafin a baya, oksijin ya ƙara yawa.

To, bayan turbin babu sauran wani abu mai juyawa da wuta za ta narkar, sai fili kawai. Nan ne dabarar ta samo asali: a ƙara wa injin dogon bututu a baya, a fesa mai a cikinsa ta wasu zobban bututu masu ƙananan huji, a kunna, a bar zafin ya hau har kusan digiri 1,700. Wannan bututu da kayan da ke cikinsa su ne maƙona ta biyu. A ganina ƙimar dabarar tana nan ne, cewa raunin turbin, wanda ya tilasta a bar oksijin ya wuce ba a yi amfani da shi ba, shi ne ya buɗe ƙofar samun ƙarin ƙarfi ba tare da an ƙara wa injin girma ko nauyi mai yawa ba.

Sai dai kunna wuta a wurin ba abu ne mai sauƙi ba. Iskar da ke cikin bututun tana gudun fiye da mita 100 a sakan ɗaya, alhali harshen wutar kananzir ba ya iya tafiya gaba cikin iska sai 'yan mitoci kaɗan a sakan, saboda haka da zarar an kunna sai iskar ta ɗebe wutar ta yi waje da ita. Maganin wannan shi ne wasu zobban ƙarfe da ake girkawa a tsakiyar hanya, waɗanda aka lanƙwasa kamar harafin V, tsininsu yana fuskantar inda iskar ke tahowa. Idan damina ta yi, ka kai ɗalibanka kan gada a kogin Sakkwato da ya bi ta gefen Gusau, su dubi bayan ginshiƙin gadar: za su ga ruwa yana wucewa da ƙarfi ta gefe biyu, amma a bayan ginshiƙin yana juyawa a wuri ɗaya, har ciyayi da karare su taru suna zagaye ba sa tafiya. Haka iska ke yi a bayan waɗannan zobba, kuma a cikin wannan ɗan wuri mai juyawa wuta ke samun mazauni, tana ci gaba da kunna sabon man da ke wucewa. Ita kuwa kunnawar farko, wasu injina da tartsatsin lantarki suke yin ta, wasu kuma ana watsa ɗan ƙarin mai ne a maƙona ta farko domin harshen wuta ya ratsa turbin na ƙiftawar ido ya kama na baya. Bangon bututun ma ana kāre shi da wani rufin ƙarfe mai huji-huji daga ciki, iska mai sanyi na bi ta bayansa, kuma hujin yana shanye wata irin ƙara mai kaifi da wutar kan haifar, wadda idan aka ƙyale ta tana iya tsattsaga ƙarfen cikin ƙanƙanin lokaci.

Ga lissafin da ɗaliban aji na ƙarshe za su iya yi da kansu. Gudun iskar da ke fita ta nozul yana tafiya ne da tushen murabba'in zafinta a ma'aunin Kelbin. Digiri 700 na Selsiyos shi ne 973 a Kelbin, digiri 1,700 kuma 1,973 ne, wato zafin ya ninka sau biyu ke nan. Tushen murabba'in 2 kuwa kimanin 1.4 ne, saboda haka ninka zafin sau biyu ba ya ninka gudun iskar sau biyu, kashi 40 cikin 100 kawai yake ƙarawa. A aikace ƙarin kan fi haka, musamman a injina masu fanka. Injin F100-PW-229 da ke cikin wasu jiragen F-16 na Amurka yana ba da turi daidai da nauyin kimanin tan 8 idan ba a kunna maƙona ta biyu ba, idan an kunna ta kuma ya haura tan 13. Idan jirgin yana cikin gudu sosai ribar takan fi haka girma, domin abin da ke tura shi shi ne ratar da ke tsakanin gudun iskar da ke fita da gudun jirgin kansa, kuma yayin da wannan rata ke tsukewa, duk ɗan ƙarin da aka samu yana da tasiri babba.

Akwai wani sashe da masu kallon bidiyo ba su cika lura da shi ba, alhali in ba shi ba duk aikin ya lalace, wato nozul mai buɗewa da tsukewa. Iskar da zafinta ya ninka tana buƙatar ƙofa mafi faɗi, kuma idan aka bar ƙofar yadda take, matsi zai taru a bayan turbin, ya koma har kan kwamfuresa, iska ta daina shiga yadda ya kamata, injin ya yi tari da ƙara mai firgitarwa, wani lokaci ma ya mutu a sama. Saboda haka ake ƙera bakin bututun da faifayen ƙarfe masu hawa kan juna, waɗanda ke buɗewa daidai lokacin da wutar ta kama, su tsuke idan an kashe ta, kuma a jiragen zamani kwamfuta ce ke daidaita wannan da yawan man da ake fesawa, shi matuƙi tura totur kawai yake yi ya wuce wani mataki. Ka sa su sake kallon bidiyon, za su ga wutsiyar tana faɗaɗa kafin jirgin ya zabura.

Zobban hasken da suka gani kuwa sun samo asali ne daga yadda iskar ke fita da gudun da ya fi na sauti, ga matsinta bai yi daidai da na iskar waje ba. Sai ta riƙa matsewa tana saki, tana matsewa tana saki, a jere, kuma duk inda ta matse zafinta yakan ƙaru, ragowar man da ke cikinta ya ƙara haskakawa. Da rana ma suna nan, hasken rana ne ke ɓoye su.

Abin da bai kamata a ɓoye wa ɗalibai ba shi ne tsadar wannan ƙarfi. Man da aka ƙona a cikin iskar da aka matse sosai ya fi ba da amfani, ita kuwa iskar da ta wuce turbin ta riga ta rasa mafi yawan matsinta, saboda haka kaso babba na man da ake zubawa a maƙona ta biyu zafi da haske da ƙara kawai yake zama. Domin a sami ƙarin turi na kashi 50 ko 60 cikin 100, shan mai yakan ninka sau uku zuwa huɗu. F-16 yana ɗaukar ɗan fiye da tan 3 na mai a cikinsa, kuma idan matuƙi ya bar maƙona ta biyu a buɗe baki ɗaya yana ƙasa-ƙasa, ba zai cika minti 10 ba tankin zai ƙare. Shi ya sa ake kunna ta na ɗan lokaci kawai: wajen tashi da kaya masu nauyi, musamman a gajeren titi ko a zafi irin namu na watan Afrilu, lokacin da iska ke yin sako-sako injin ya rasa ƙarfi, da wajen keta gudun sauti, da kuma lokacin artabu ko tserewa.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Jega. Na yi aikin Hajji ta filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi, kuma na ga yadda tsofaffi ke wahala da dogon zama a jirgi. Na ji an ce akwai na'urar da ke ƙara wa jiragen soja gudu. Me ya hana a sa wa jiragen alhazai?

AMSA: Alhaji, ranka ya daɗe, Allah ya karɓi ibada. An taɓa gwadawa a jiragen fasinja. Jirgin Concorde, wanda Ingila da Faransa suka haɗu suka ƙera, ya fara tashi a 1969, ya fara ɗaukar fasinja a 1976, kuma injinansa huɗu ƙirar Olympus 593 suna da maƙona ta biyu, wadda ake kunnawa wajen tashi da kuma wajen keta gudun sauti, sannan a kashe ta, jirgin ya ci gaba da gudun da ya ninka na sauti sau biyu ba tare da ita ba. Yakan je New York daga Landan cikin kimanin awa uku da rabi, amma mutum 100 kacal yake ɗauka, kuɗin kujerarsa sai manyan attajirai, kuma an ajiye shi a 2003.

Kunna maƙona ta biyu a jirgi irin Boeing 747 ko Airbus A330 ba zai rage tafiyar ba, domin ba rashin ƙarfi ne ke tsayar da su a kilomita 850 zuwa 900 a awa ba, siffar fikafikansu da gangar jikinsu ce ba a yi ta domin keta gudun sauti ba. Injinansu kuma an gina su ne kan akasin wannan dabara: babbar fanka tana tura iska mai yawan gaske da gudu matsakaici, wanda shi ne ke rage shan mai da ƙara. Sannan jirgin da ya fi sauti gudu yana jan wata tsawa a bayansa duk inda ya bi, abin da ya sa Amurka ta hana jiragen farar hula irin wannan gudu a samaniyarta a 1973, Concorde kuma ya fi yin gudunsa a kan teku. Daga Birnin Kebbi zuwa Jidda kuwa tafiyar kusan kilomita 4,000 ce, kuma miƙaƙƙiyar hanyar a kan Nijar da Chadi da Sudan take, teku ba ta zuwa sai ɗan ƙetaren Bahar Maliya a ƙarshe. Da an yi hakan, kuɗin kujerar da maniyyata ke kuka da shi yanzu zai wuce ƙarfin kowa, kuma ina ganin sauƙin tsofaffi ya fi kusa ta hanyar rage jiran da ake yi a sansanin alhazai da filin jirgi.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Talata Mafara. Saboda halin tsaro da muke ciki, jiragen soja sukan wuce ta kanmu, wani lokaci da ƙara har tagogi su girgiza. Shin wutar da ke fitowa daga wutsiyar jirgi ce ke kawo ƙarar, kuma jiragen Nijeriya suna da ita?

AMSA: Ƙanwata, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya tsare ku da iyalanku. Wasu jiragenmu suna da ita, wasu ba su da ita. Jiragen F-7Ni da aka sayo daga Sin suna da maƙona ta biyu, haka ma JF-17 guda uku da rundunar sojin sama ta karɓa daga Pakistan ta ƙaddamar a Makurdi a watan Mayu na 2021, waɗanda injinsu na RD-93 ƙirar Rasha ke tashi daga turin kimanin tan 5 zuwa sama da tan 8 idan an kunna ta. Alpha Jet, wanda rundunar ke aiki da shi tun farkon shekarun 1980, ba shi da ita kuma ba ya kai gudun sauti, su kuwa Super Tucano 12 da suka iso a 2021 farfela ce ke jan su, saboda haka babu maganar wuta a wutsiyarsu.

Ƙarar kuma iri biyu ce, kuma kunne yana iya bambanta su. Doguwar ruri mai tsagewa, wadda ke ƙaruwa sannan ta yi ta raguwa, daga iskar da ke fita ta nozul take, kuma ko jirgin da ba shi da maƙona ta biyu yana girgiza tagogi idan ya yi ƙasa sosai, sai dai mai ita ya fi tsanani ƙwarai, domin ƙarar tana hauhawa da sauri fiye da kima duk lokacin da gudun iskar ya ƙaru. Ɗaya kuwa bugu ne guda ko biyu a jere kamar fashewar abu, kuma wannan ba daga injin yake ba, jikin jirgin ne ke matse iskar da ke gabansa idan ya wuce gudun sauti, wato kimanin kilomita 1,225 a awa kusa da ƙasa. Alaƙar da ke tsakaninsu ita ce yawancin jirage ba sa kai wannan gudu sai da maƙona ta biyu, in ban da kaɗan irin F-22 na Amurka, wanda ke iya riƙe gudun da ya fi na sauti ba tare da ita ba.

Matuƙin da ke sintiri a kan daji ba shi da dalilin kunna ta, domin abin da yake buƙata shi ne ya daɗe a sama yana duban ƙasa, ita kuwa cinye masa mai za ta yi cikin mintoci, ta nuna shi ga kowa da dare, ta kuma sa ya zama abin hari mai sauƙi ga makamai masu bin zafi. Jirgin da ya yi fice wajen tafiya da ita a kunne na tsawon lokaci shi ne SR-71 na leƙen asirin Amurka, wanda aka ƙera injinansa na J58 musamman domin haka, yana tafiya a sama da ƙafa 80,000, inda gudunsa kansa ke matse iskar da ke shiga har ƙonawar baya ta yi amfani sosai, kuma a ranar 28 ga Yuli, 1976 ya yi gudun kimanin kilomita 3,530 a awa.